Amsa ga uwar da ke son 'yarta ta shiga makarantar haziƙai a birnin New York

Tambaya: Wata baiwar Allah da ke zaune a Bronx ta rubuto cewa 'yarta tana aji bakwai, malamai suna yaba ƙoƙarinta musamman a lissafi, kuma an ba ta shawarar ta nema mata gurbi a ɗaya daga cikin sakandaren gwamnati da ake tace ɗalibai kafin a ɗauke su. Tana son ta san yadda ake shiga, ko dole sai an biya kuɗin lesin, da kuma makarantar da ya kamata a sa a gaba, tun da duk wanda ta tambaya Stuyvesant yake ambata mata.

Amsa: Hajiya, kin yi tambayar a kan kari, domin iyaye da yawa ba sa farga sai yaro ya shiga aji takwas, alhali a lokacin rabin aikin ya riga ya wuce. Abu na farko da ya kamata ki riƙe shi ne ƙofofi biyu ne a birnin New York, kowace da nata ƙa'idojin. Ɗaya jarrabawa kaɗai take dubawa, ɗayar kuma makin da yarinya ta samu a darussanta na aji bakwai, wato na wannan shekarar da take ciki. Ana neman su tare, kuma neman ɗaya ba ya hana neman ɗayar.

Idan a Najeriya kika yi karatu, tsarin ba zai zama miki baƙo ba, domin ya yi kama da yadda ake rubuta jarrabawar shiga makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu ko kwalejojin gwamnatin tarayya: makarantar gwamnati ce, amma ba kowa ake ɗauka ba. A Amurka irin waɗannan makarantu da ake kira magnet sun yaɗu ne daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa na 1970, lokacin da hukumomin ilimi ke neman hanyar haɗa yaran farar fata da na baƙar fata a aji ɗaya ba tare da tilas ba, sai suka riƙa buɗe makarantu masu darussa na musamman da za su jawo iyalai daga unguwanni daban-daban. Kowane gari da nasa tsarin. Makarantar Thomas Jefferson ta jihar Virginia, alal misali, ta soke jarrabawar shiga a 2020, Chicago kuma tana haɗa jarrabawa da makin aji. Saboda haka kada ki ɗauki shawarar 'yar'uwa da ke zaune a wata jiha ki yi aiki da ita a nan, ko da nata ɗan ya samu gurbi.

Ƙofa ta farko ita ce ta makarantu tara da hukumar ilimin birnin ke kira Specialized High Schools. Takwas daga cikinsu da jarrabawar SHSAT ake shiga: Stuyvesant, Bronx High School of Science, Brooklyn Technical, Brooklyn Latin, Staten Island Technical, da wasu ƙanana uku da ke cikin harabar jami'o'i, wato ta lissafi da kimiyya da injiniyanci a City College, ta nazarin tarihin Amurka a Lehman College, da ta kimiyya a York College da ke Queens. Ta tara ita ce LaGuardia, wadda ake gwada yaro a kiɗa, waƙa, rawa, zane ko wasan kwaikwayo, sannan a duba sakamakon karatunsa. A takwas ɗin nan ba a duba ɗabi'a, ba a karɓar wasiƙar malami, ba a ganawa da yaro, kuma ba ruwan kowa da makin aji. Makin jarrabawar kawai ake dubawa. Tushen wannan wata doka ce ta jihar New York ta shekarar 1971 mai suna Hecht-Calandra, shi ya sa da magajin gari Bill de Blasio ya nemi a soke jarrabawar a 2018 bai samu nasara ba, tun da canjin sai ya bi ta majalisar dokokin jiha da ke Albany.

Ana rubuta jarrabawar a lokacin kaka na aji takwas, bayan an yi rajista ta shafin MySchools a farkon zangon karatu, kuma sharaɗi ne yaro ya kasance mazaunin birnin. A tsarin da aka daɗe a kansa tambayoyi 114 ne cikin minti 180, 57 na Turanci da 57 na lissafi, ba a amfani da kalkuleta, kuma ba a rage maki saboda amsar da ba daidai ba, don haka babu dalilin barin tambaya ba a amsa ba. Sashen Turanci ya ƙunshi gyaran jimloli da karanta dogayen rubuce-rubuce a amsa tambayoyi a kansu, sashen lissafi kuma ya fi ƙarfi a aljabara, kaso, ma'auni da tambayoyin da ake ba da su cikin labari. Tun daga 2025 an koma rubuta ta a kwamfuta, saboda haka littafin jagora na shekarar da 'yarki za ta zauna shi ne abin dogaro, ba wanda yayan wata ya bari a gida ba.

Yanzu ga wurin da na fi so ki natsu, domin a nan ne iyalai suka fi cutar kansu. Lokacin rajista ana jera makarantun takwas bisa yadda ake son su, ta ɗaya zuwa ta ƙarshe. Bayan an gama maki, sai a jera duk yaran da suka zauna daga mafi yawan maki zuwa ƙasa. Wanda ya fi kowa a ba shi zaɓinsa na farko, na biye da shi ma haka, a yi ta sauka. Idan aka zo kan 'yarki zaɓinta na farko ya cika, sai a duba na biyu, idan shi ma ya cika a duba na uku, har a samu mai sauran gurbi ko kuma jerin nata ya ƙare. Wannan yana nufin abubuwa biyu. Sa makaranta mai wuyar shiga a sama ba ya rage mata damar samun ta ƙasa ko kaɗan, domin da makinta za a auna ta a kowace makaranta, ba da matsayin da ta ba makarantar ba. Amma kuma gurbi ɗaya tak ake bayarwa, kuma shi ne mafi sama a jerin da makinta ya kai. Idan kika sa Stuyvesant a farko don kawai a ga ko za ta iya, kuma Allah ya sa ta kai makin, to Stuyvesant ɗin za a ba ta, ba za a ƙara mata Bronx Science ba ko da ita kuka fi so a zuciya, kuma ba a canza jeri bayan sakamako ya fito. Babu wata dabara a nan da ta wuce rubuta gaskiyar abin da kuke so bi da bi. Makarantar da kuka san ko an ba ta ba za ta je ba, ku bar ta daga jerin baki ɗaya.

Babu ƙayyadadden makin cin jarrabawar. Makin yaro na ƙarshe da aka ɗauka a kowace makaranta shi ne iyakar wannan shekarar, kuma yana motsawa. A 'yan shekarun nan na Stuyvesant, wanda ya fi na kowa, yakan haura 550, na Brooklyn Latin kuma yakan tsaya kusa da 500. Yara fiye da dubu ashirin da biyar ne ke zama a shekara, waɗanda ake ba gurbi kuma wajen dubu huɗu.

Akwai wata gaskiya mai ɗaci da gara ki ji ta tun yanzu. Yaran baƙar fata da na Latino, wato masu asali daga Latin Amurka, sun haura kashi 60 cikin 100 na ɗaliban makarantun gwamnatin birnin, amma abin da suke samu a waɗannan guraben bai cika wuce kashi 10 ba. A 2019, cikin yara 895 da Stuyvesant ta ba gurbi, bakwai ne kacal baƙar fata. A nawa ganin babban dalilin shi ne shiri. Akwai unguwannin da yara ke fara lesin ɗin wannan jarrabawa tun suna aji shida, kuma makarantunsu suna koyar da aljabara da wuri, alhali a wasu makarantun Bronx yaro zai zo na ɗaya a ajinsu ba tare da ya taɓa ganin irin waɗannan tambayoyi ba. Saboda haka yabon malamai abin farin ciki ne, amma bai isa ya gaya miki inda 'yarki ta tsaya ba. Abin da zai gaya miki shi ne ta zauna a gida ranar Asabar, a kashe waya, a sa agogo, ta rubuta cikakkiyar jarrabawar gwaji daga farko zuwa ƙarshe. Kada ki damu idan sakamakon farko ya yi ƙasa, haka yake fitowa ga yawancin yara. Amfaninsa shi ne ya nuna inda raunin yake.

Game da kuɗin lesin, ba dole ba ne. Hukumar ilimi tana fitar da tambayoyin gwaji kyauta, kuma tana da wani shiri mai suna DREAM da ke koyar da 'yan aji bakwai da suka cika sharuɗɗa a ranakun Asabar da lokacin hutun bazara ba tare da biyan ko sisi ba. Ki je wurin jami'in ba da shawara na makarantarsu a wannan makon ki tambaye shi ko ta cancanta, domin guraben ba su da yawa. Ɗakunan karatu na unguwa su ma suna da littattafan shiri da ake ara. Cibiyoyin da ake biya suna da amfani ta fuska ɗaya, wato suna tilasta wa yaro zama a kai a kai, amma wasu suna cajin dubban daloli a kan abin da uwa mai sa ido za ta iya tsarawa a gida. Idan kuɗin zai taɓa na haya ko na abin da ake aikawa gida, ban ga dalilin shiga wannan ɗawainiya ba. Awa ɗaya a rana huɗu ko biyar na mako tsawon shekara ta fi a tara komai a watan ƙarshe.

Tun da kin ce a lissafi ta fi ƙarfi, ina zargin sashen Turanci ne zai fi ba ta aiki, kuma wannan ya zama ruwan dare ga yaran da ake Hausa ko Faransanci a gidajensu. Maganinsa karatu ne mai yawa, na littattafan tarihi da kimiyya da sharhin jaridu, ba ƙagaggun labarai kaɗai ba, ta riƙa gaya miki da bakinta abin da marubucin yake nufi da hujjar da ya kawo, ko da da Hausa za ta faɗa. Kada a daina yi mata Hausa saboda wannan, ba shi ne matsalar ba. Idan kuma makaranta ta rubuta ta cikin masu koyon Turanci, ko ba ta daɗe da fita daga wannan rukuni ba, tana da haƙƙin ƙarin lokaci a jarrabawar, har ninki biyu. Ki tabbatar an shigar da wannan tun lokacin rajista, domin ranar jarrabawa ba a gyara shi.

Akwai kuma shirin Discovery, wanda iyalanmu da yawa ba su san da shi ba. An ware kashi 20 cikin 100 na guraben makarantun takwas domin yaran da makinsu ya gaza iyaka da kaɗan, idan iyalinsu masu ƙaramin ƙarfi ne kuma makarantar da suka fito tana cikin waɗanda talauci ya yi wa yawa. Yaro yakan yi karatun 'yan makonni a hutun bazara, idan ya kammala ya shiga tare da kowa. Makarantun Bronx da dama sun shiga wannan rukuni, don haka idan saƙon gayyata ya zo bayan sakamako kada a yi watsi da shi.

Ƙofa ta biyu ita ce ta sauran sakandaren da ke tacewa da makin aji, irin su Townsend Harris a Queens, Eleanor Roosevelt da Beacon a Manhattan, da Bard High School Early College, wadda ɗalibi ke fita da shaidar sakandare haɗe da ta shekara biyu ta jami'a, kuma ta buɗe reshe a Bronx a 2023. A nan ana haɗa makin ƙarshen shekara na aji bakwai a Turanci, lissafi, kimiyya da nazarin zamantakewa, a raba yara rukuni-rukuni, na farko ya ƙunshi kashi 15 cikin 100 da suka fi maki. Idan masu nema a rukuni ɗaya sun fi guraben yawa, sai a raba gardama da lambar ƙuri'a da kwamfuta ke ba kowane yaro. Wasu makarantun suna ƙara rubutun insha'i ko gwajin kansu. Abin lura shi ne yarinyar da ta dulmuya cikin shirin SHSAT har ta saki darasin kimiyya ko na zamantakewa a bana tana iya rasa ƙofar nan, alhali wasu daga cikin makarantunta ba su gaza na farkon ba a inganci. A watan Maris ake fitar da sakamakon duka biyun, kuma idan ta samu nan da can, ku ne za ku zaɓa.

Sai batun wadda za a sa a gaba. Sunan Stuyvesant ya yi nisa, kuma ta cancanci hakan: tun 1904 take, darussanta na lissafi da kimiyya sun kai na shekarun farko na jami'a. Bronx Science, da aka kafa a 1938, ta yaye mutum tara da suka ci kyautar Nobel, ta baya-bayan nan ita ce Claudia Goldin a fannin tattalin arziki a 2023. Amma akwai binciken da ya kamata duk mai wannan shawara ya sani. Masana tattalin arziki uku, Atila Abdulkadiroğlu da Joshua Angrist da Parag Pathak, sun wallafa nazari a 2014 a kan makarantun jarrabawa na New York da Boston, inda suka kwatanta yaran da suka tsallake iyakar maki da ƙyar da waɗanda suka gaza da ƙyar, wato yara masu kusan ƙwazo ɗaya da wasu suka shiga wasu ba su shiga ba. Bambancin da suka gani a sakamakon jarrabawoyinsu na gaba kaɗan ne ƙwarai. Will Dobbie da Roland Fryer su ma sun duba shiga jami'a da kammala ta, suka samu kusan haka. Abin da na fahimta daga wannan shi ne mafi yawan hasken da ake gani a waɗannan makarantu yaran ne suka shigo da shi. Binciken bai auna komai da komai ba, bai auna abokai da buɗewar ido ba, kuma ya shafi waɗanda ke bakin iyaka ne kawai, amma ya isa ya nuna cewa tazarar suna tsakanin makaranta ta ɗaya da ta uku ba ta kai a sadaukar da barcin yarinya da lafiyarta a kanta ba.

Shi ya sa nake sa nisa a gaban suna. Stuyvesant tana can ƙasan Manhattan a titin Chambers, kuma daga yawancin unguwannin Bronx tafiyar jirgin ƙasa ta kusan awa guda ce zuwa, awa guda dawowa. Brooklyn Tech ta fi haka nisa, Staten Island kuwa sai an haɗa da jirgin ruwa. Kuɗin mota ba shi ne damuwar ba, tun da ana ba ɗalibai katin shiga kyauta. Damuwar ita ce awa biyu a kullum tsawon shekara huɗu, ga aikin gida mai yawa, ga shi a watan Disamba rana tana faɗuwa tun wajen ƙarfe huɗu da rabi, don haka yarinyar da ta tsaya ƙungiyar muhawara ko wasanni bayan an tashi cikin duhu za ta dawo. Yawanci abin da ke faruwa shi ne iyaye su hana ta tsayawa, sai ta rasa rabin amfanin makarantar. Ke kuwa Allah ya ajiye ki kusa da uku daga cikin takwas ɗin: Bronx Science da ta Lehman College suna maƙwabtaka da juna a Bedford Park, ta City College kuma tana Harlem. Kafin ku rubuta jeri, ku bi hanyar kowace makaranta da safiyar ranar aiki, a daidai lokacin da za ta riƙa fita, ku ga yadda cunkoson yake da idonku.

Girman makaranta shi ma abin dubawa ne, kuma halin 'yarki ne zai yanke hukunci. Brooklyn Tech tana da ɗalibai kusan dubu shida, Stuyvesant da Bronx Science wajen dubu uku kowace, alhali ta Lehman da ta City College ɗalibansu 'yan ɗaruruwa ne. Babbar makaranta tana da darussa da ƙungiyoyi iri-iri, amma yarinya mai kunya, wadda aka yi wa tarbiyyar kada ta ɗaga murya a gaban manya, tana iya shafe zango guda tana faɗuwa a darasi ba wanda ya lura. A ƙaramar makaranta malamai sun san kowa da suna, sai dai zaɓin darussa ya fi ƙaranci. Haka kuma kowace da alƙiblarta: ta Lehman ta fi karkata ga tarihi da rubutu, Brooklyn Latin tana koyar da harshen Latin da manhajar ƙasa da ƙasa da ake kira IB kuma ana sa kayan makaranta, Brooklyn Tech kuma ɗalibi yakan zaɓi fanni guda ya zurfafa a shekaru biyu na ƙarshe.

Ki kuma shirya mata zuciya kan abu guda. Yarinyar da ta saba zuwa ta ɗaya za ta tarar da aji cike da waɗanda su ma na ɗaya suke zuwa a inda suka fito, kuma mai yiwuwa ita kaɗai ce baƙar fata mai hijabi a wasu darussan. Wasu yaran wannan yana ƙara musu himma, wasu kuma yana karya musu gwiwa a ɓoye, musamman idan a gida ana ci gaba da tambayar me ya sa ba ta zo ta ɗaya ba. Lokacin da makarantun suka buɗe ƙofa ga iyaye a watannin kaka, ku je tare, ki bar jawabin shugaban makaranta ki nemi ɗalibai. Ki tambaye su ƙarfe nawa suke kwanciya, wa suke zuwa wurinsa idan darasi ya gagare su, ko akwai ƙungiyar ɗalibai Musulmi da ta baƙar fata, da inda suke sallar azahar da la'asar lokacin sanyi. Hutun ƙaramar Sallah da babba ba matsala ba ne, domin tun 2015 birnin ya sa su cikin ranakun hutun makarantun gwamnati, amma wurin sallah da abincin halal sun bambanta daga wannan makaranta zuwa waccan.

Da a matsayinki nake, bisa abin da kika bayyana, Bronx Science da ta City College zan fara dubawa, in bar yarinyar ta faɗi wadda ta fi kwanta mata bayan ta ga duka biyun, sannan ta Lehman ta biyo idan tana son karatu da rubutu. Stuyvesant ba za ta hau sama ba sai idan ita da kanta ta bi hanyar, ta ga makarantar, ta ce ta ji ta gani. A ɗaya ƙofar kuma ki cika jerin da makarantu masu yawa, har da biyu ko uku da kike da tabbacin za ta samu, domin makarantun SHSAT ba su da jerin jiran gurbi, sauran kuwa suna da shi kuma yana motsawa har cikin bazara. Idan sakamakon Maris bai zo yadda ake so ba, ana sake zama jarrabawar a aji tara domin shiga aji goma, sai dai guraben a lokacin kaɗan ne ƙwarai, don haka makarantar da za ta fara aji tara a cikinta ku zaɓe ta da niyyar a nan za ta kammala.